Kalmar Sirrin Namadi Tafireta

A Anka in ka ce Namadi sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Namadi Tafireta, ko mai goron bakin tasha zai nuna maka hanyar gidansa. Sunan ya bi shi tun shekarun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, lokacin da ya baro ƙauyensu Duza da takardar sakandare da 'yan riguna a leda, ya samu aikin buga takardu a ofishin wani shirin bunƙasa noma. Dogo ne siriri mai ɗan rankwafawa, irin mutanen nan da in ka taka musu ƙafa su za su riga ka ba da haƙuri. Ba ya jayayya, ba ya ciniki mai tsawo, ba ya kallon babba a ido. Mutane kan ce ɗan Inna Luba ya sha tarbiyya. Ya sha kam, har ta yi masa yawa.

Inna Luba, mahaifiyarsa, jinin Fulanin Gwashi ce ta wajen uwa, kuma ta zo gidan miji da kunyarsu cif, ba ta zubar da ko kaɗan a hanya ba. Namadi ya tashi bai taɓa jin ta ambaci sunan yayansa Makau ba, don shi ne ɗanta na fari. In tana nemansa sai ta ce a kira mata wancan. In ya kwanta ciwo, maƙwabta ke zama kansa, ita kuwa ta juya baya tana dama masa kunu, ta ba wani ya miƙa. Ba wanda ya zaunar da Namadi ya ce masa ga yadda ake yi. Gani ya yi, ya haɗiye, ya girma da shi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Na kakanni ne, iyaye sai dai kallo daga nesa.

Aikin tafireta ya karɓe shi. Mutumin da ba ya iya ɗaga murya, in ya zauna gaban injin nan sai ka rantse faɗa yake yi da shi, don tun daga gindin dalbejiyar ƙofar ofis ake jin dukan yatsunsa. Ya auri Bara'atu, 'yar wani tela a cikin gari, ita ma mai shiru, sai dai shirunta yana da kaifi in ka iya saurare. Suka yi 'yan shekaru ba haihuwa, suna jin maganganun mutane suna wucewa, har Allah ya kawo mace.

Ranar suna Namadi ya yi abin da ya ga manya suna yi. Ya sulale bayan sallar asuba ya tafi ofis, wai aiki ya yi yawa, ya bar Makau da liman da taron mutane a ƙofar gidansa. Inna ce ta zaɓi sunan, Makau ya raɗa wa liman. Shi uban yarinyar, a bakin masinjan ofis ya ji shi, da hantsi, masinja yana cin soyen ragon da aka yanka a gidansa. Muhsina. Namadi ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin gero, ya ci gaba da gyara ribon ɗin tafireta. A ciki kuwa daɗi ne ya cika shi har yana jin zai shaƙe shi. Yana juya sunan a bakinsa, ba inda zai ajiye shi.

A ranar ce kuma wani injiniya mai suna Abdulwahabu ya zo daga Gusau da kwamfuta a bayan mota. Ba irin ta yanzu mai hotuna da launi ba ce. Tsohuwa ce da wasu suka gama cin ƙuruciyarta suka ba da kyauta, gilashinta baƙi ƙirin, rubutunta fari. Da ita za a riƙa ajiye bayanin ruwan sama da iri da allurar shanu, kuma tun da Namadi ne mai yatsu a ofishin, shi aka tura. In an kunna ta sai ta yi ta zubo Turanci ita kaɗai, sannan ta tsaya cak, ta tambayi ko wane ne, wata 'yar alama tana ƙyaftawa tana jira. Namadi ya buga sunansa, ya gan shi ya fito fari tas. Sai ta sake tambaya a layi na ƙasa. Abdulwahabu ya ce wannan kalmar sirri take nema, kuma Namadi ne zai zaɓa da kansa.

"Ka samo wadda ba ka hwaɗa ma kowa," in ji shi, "kuma wadda ba ka mantawa ko daga barci anka tashe ka."

Ya juya baya yana kallon taga don ya ba shi wuri. Namadi bai yi wani dogon tunani ba. Kalma ɗaya ce a duniya ta cika sharaɗin nan biyu, kuma tun hantsi take ƙona masa harshe. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya buga harafin farko yana jiran ya ga abin kunyarsa ya fito ɓaro-ɓaro a gilashi. Ba abin da ya fito. Ya ƙara dannawa da ƙarfi irin na tafireta, har teburin ya girgiza, gilashi yana nan baƙi, 'yar alamar ko motsi ba ta yi ba. Ya ce wa injiniya abin ga bai kama ba. Abdulwahabu ya yi dariya ya ce ya kama, da gangan aka yi shi haka, yana ji, ba ya dai nunawa, don kar na bayanka ya gani. Ya share, ya ce a sake, a hankali wannan karon, kar a karya masa maɓallai.

Namadi ya sake. Ya buga sunan 'yarsa tun daga farko har ƙarshe, gilashi bai tona shi ba, inji ya buɗe. A ransa ya ce ashe Turawa ma sun san kunya. Tun daga wannan rana ya so injin nan so na gaske, irin wanda ake yi wa abokin da ya iya riƙe magana.

Haka rayuwarsa ta zauna. Kowace safiya a tayar da janareto, ya share ƙurar tebur, ya kunna, inji ya tambaye shi wane ne, ya faɗa, ya tambaye shi sirrinsa, ya faɗa. Abokan aiki sun lura yakan ɗan dakata a wurin nan, ya gyara zama, fuskarsa ta saki, sai suka ce addu'a yake yi kar injin ya lalace. A gida kuwa yarinya tana rarrafe tana kama ƙafar wandonsa, shi yana kallon sama kamar bai ji ba in da mutane. In ya sayo mata 'yar riga sai ya ajiye a kan gado ya ce wa Bara'atu a gwada wa yarinyar nan. Bara'atu ma ba ta kiran sunan, ita ma 'yar fari ce a wurinta. 'Yar Inna suke ce mata su duka biyun.

Da lokacin yaye ya yi, Inna ta zo da kanta ta goya ta zuwa Duza, yadda ake yi. An ce yaye, amma kowa ya san riƙo ne. Bara'atu ta shiga ɗaki ta daɗe tana ninke kayan da ta riga ta ninke. Namadi ya raka su tasha, ya biya mota, ya tsaya yana yi wa direba maganar taya har suka tashi. Bayan nan aka haifi namiji, Musbahu, wanda ake kira da ƙarfi daga ƙofar gida, ake ɗora shi a wuya a je masallaci. Duk son da aka hana waccan shi aka juye wa, kuma bai rage komai daga nata ba.

Namadi yakan je Duza duk ƙarshen wata, wai gaida Inna. Yarinyar ta tashi baƙa kyakkyawa mai surutu, ba ta ɗauko shirun kowa ba. Ta ji mutane suna ce masa Tafireta, ita ma sai ta kama. Da ta hango shi sai ta sheƙo tana kiran Tafireta ya zo, mata suna dariya suna cewa ji 'yar nema, uban nata take kira gatsal. Ita tana kiran sunansa yadda ta ga dama, shi ba ya iya kiran nata. Sai ya miƙa wa Inna ledar alewa ya ce a raba wa yara. Burinsa ɗaya ne tun ranar da aka tafi da ita, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba: ya dawo da ita gidansa ta kwana ƙarƙashin rufinsa. Yana jiran ta isa shiga makaranta, don a samu dalilin da ba shi ba.

Ana cikin haka zinariya ta shigo Duza. Da ma ana ɗan tonon ta a daji, amma a shekarun nan abin ya zama ruwan dare. Makau da sauran magidanta suka riƙa kwaso duwatsu a buhu daga ramuka suna kawowa cikin gida, don a gida ba mai yi maka ido. Mata suna farfasawa a turmi, injin niƙan hatsi ya koma niƙan dutse, ana shanya garin a tsakar gida kusa da inda ake shanya tsaba. Ƙurar tana sauka a kan komai, kan tukunya, kan tabarma, kan gashin yara masu wasa a ƙasa suna sa hannu a baki. Gidaje suka yi rufin kwano, matasa suka yi babura, ba wanda ya ga aibu. Wa zai ga aibun abin da ya kawo masa rufin kwano?

Agwagi suka fara mutuwa, aka ce ciwon kaji ne. Sai yara ƙanana suka fara. Yaro ya daina cin abinci, ya yi ta amai, ya yi laushi, sai jijjiga ta kama shi, idanu su juye. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce zazzaɓin damina ne ya zo da ƙarfi. Sai can daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen, amma a lokacin da ake wannan magana ba wanda ya san haka, ana dai ta haƙa ƙananan kaburbura.

Bara'atu ta ji labarin a bakin mata masu kawo nono. Ba ta iya cewa a ɗauko mata 'yarta, bakinta ba zai iya ba, kuma ba a gaban miji ake fara wannan rashin ta ido ba. Sai ta riƙa zagaye. Ta ce an ce yara na ta ciwo can gida. Namadi ya ce shi ma ya ji. Washegari ta wanke wata 'yar tabarma ta shanya inda zai gani. Rana ta uku tana zuba masa tuwo, ba ta dube shi ba ta ce in ya je ya duba ko Inna ta gaji da ɗawainiya, tsufa ya fara kama ta. Ya gane sarai. Tsoro ya riga ya shige shi shi ma. Bai jira ƙarshen wata ba, ya hau mota da niyyar ba zai dawo shi kaɗai ba.

Ya tarar da gidan Inna ana ta dakan dutse. Yarinyar ba ta sheƙo ba. Tana zaune jikin turmi, ƙafafunta fari fat da ƙura, ta ɗago kai ta ce Tafireta, a hankali, ta mayar da kai. Zuciyarsa ta yanke. Ya wuce ta kamar bai gani ba, ya shiga rumfar Inna ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Bara'atu, aka tambayi Musbahu, aka tambayi aiki da ruwan bana. Sannan ya fara zagayensa. Ya ce makarantun Anka sun yi kyau yanzu. Inna ta ce ta allo tana nan ƙofar gida. Ya ce asibiti ma a can kusa yake, ba sai an nemi babur ba. Inna tana ta tsinke zogale a faifai. Ya ce iskar garin nan kamar ba ta karɓar yara a bana.

Inna ta ajiye faifan ta dube shi, abin da ba ta cika yi ba.

"Wa kaka nuhi, Namadi?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Kalma ɗaya ce, wadda yake bugawa kowace safiya ba gargada, ko ma ba ita ba, ya ce ɗiyata kawai ya isa. Matar Makau tana bakin rumfa da taɓarya a hannu, wasu tsofaffi biyu sun shigo gaisuwa suna zaune. Ya ji duk idanun nan a bayan wuyansa. Ya ji yadda za a ce ɗan Inna Luba ya je birni ya koyo rashin kunya, ya zo ƙwace 'yar fari daga hannun uwarsa, wato ya ce ba ta iya riƙo ba. Ya dubi ƙasa.

"Yaran gari dai, Inna," ya ce.

Inna ta ɗauki faifanta ta ce Allah shi kyauta. Abin haushi ke nan, abin takaici, mutum biyu masu son abu ɗaya suna zaune gwiwa da gwiwa, kowa yana jiran ɗaya ya fara.

Da zai tafi yarinyar ta taso ta biyo shi har bakin hanya tana jan ƙafa. Ta kama gefen rigarsa ta ce ya tafi da ita ta ga injin da ake cewa yana magana da shi. Dattawa suna zaune kan dakali suna kallo. Ya ɗora hannu a kanta, ya ji zafi kamar murfin tukunya, ya janye da sauri. Ya ce wata rana. Ya ce ta koma wurin Inna. A mota ya yi ta tsara maganar da zai yi in ya dawo ranar kasuwa, har ya yanke zai biyo ta hannun liman, liman ya roƙa masa. Dabara ce mai kyau. Da ya yi ta tun farko da ta yi aiki.

Bara'atu ta gan shi ya shigo shi kaɗai. Ba ta tambaya ba, ta naɗe 'yar tabarmar ta mayar bayan ƙofa.

Ranar kasuwar ba ta zo ba Makau ya iso ofis a kan babur, da safe, janareto bai daɗe da tashi ba. Namadi ya buga sunansa ke nan, inji ya tambayi kalmar sirri, 'yar alama tana ƙyaftawa. Ya ga yayansa a bakin ƙofa ba hula, bai jira a faɗa masa ba. Jijjiga ta kama yarinyar da asuba, kafin a samo abin hawa ta cika.

A wurin zaman makoki Inna ake yi wa gaisuwa, don 'yarta ce a idon kowa. Namadi yana gefe yana taya karɓa, yana cewa amin in an ce Allah ya ba Inna haƙuri. Bai yi kuka ba, uban ɗan fari ba ya yi, kuma aka yaba masa. Da mutane suka ragu Inna ta kira shi ɗaki. Ta jawo wani ɗan ƙulli daga ƙarƙashin gado, kayan yarinyar ne a ɗaure cikin ɗankwali, har da 'yan takalman roba. Ta ce tun kafin zuwansa na ran nan ta ɗaure su, don ita ma ta tsorata.

"Da ka tambaye ni da na ba ka ita," ta ce. "Ni ba ni iya cewa ka ɗauka, sai a ce na gaji da jikata."

Ya karɓi ƙullin da hannu biyu, ya yi godiya. Godiya fa ya yi.

Bayan kwanakin makoki ya koma aiki, don ba a bar wa kowa injin ba, shi kaɗai yake buɗe shi. Ya share tebur, ya kunna, Turanci ya zubo, aka tambaye shi wane ne, ya faɗa. Aka tambaye shi ɗayar. Inji bai san an yi mutuwa ba. Namadi ya zauna yana kallon 'yar alamar nan har masinja ya leƙo ya koma. Da ya buga, yatsa ya zame, inji ya ce ba daidai ba, ya sake tambaya tun daga farko. Ya sake kuskurewa, inji ya sake tambaya, ba fushi ba tausayi. Sai da ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya sannan ya buɗe.

Yana iya canza kalmar. Abdulwahabu ya koya masa tun farko, kuma duk zuwan da zai yi sai ya yi masa faɗan cewa ba a shekara da shekaru da kalma ɗaya. Namadi yakan ce to, amma bai canza ba. Da can wurin nan ne kaɗai yake kiranta, yanzu kuma wurin nan ne kaɗai ya rage da ake tambayarsa ita. Azaba ce kowace safiya, kuma da an hana shi ita da ya fi shiga uku.

Gida ya yi sanyi. Bara'atu ba ta zarge shi da baki ba, ba ta fasa dafa masa abinci ba, ba ta yi yaji ba. Ta dai daina zama in yana ci. A ganinta mutumin nan ya je ya ga yarinya da idonsa ya dawo hannu rabbana, ya zauna makoki ido a bushe, ya koma aikinsa. Kunya ta sani, ita ma tana da ita, amma ta fara zargin ko a wurinsa ba kunya ba ce, babu ce kawai. Shi kuma bai san ta inda ake fara irin wannan bayani ba. Ya rame, rankwafawar ta ƙaru, dukan maɓallan da ake ji daga gindin dalbejiya ya koma ɗan ƙwas-ƙwas.

Wajen ƙarshen shekara aka ce za a kawo sababbin injuna. Abdulwahabu ya zo ya ɗauki tsohon ya tafi da shi Gusau don ya kwashe abin da ke ciki. Namadi ya taya shi sa shi a mota, ya lulluɓe gilashin da tsohon bargo kar ya fashe.

Ranar Asabar da la'asar wayarsa ta yi ƙara. A gidan nasu waya ba ta kamawa sai a wuri ɗaya, jikin katanga kusa da madafa, kuma a nan Bara'atu take zaune tana tankaɗen gari. Abdulwahabu ne. Ya ce ga shi gaban injin, ya manta bai karɓi kalmar sirri ba, a faɗa masa. Namadi ya ce zai shigo Gusau ranar Litinin ya buga da kansa. Injiniya ya ce ina, yau za a kwashe tsofaffin injuna duka, mota tana jira a waje. Namadi ya ce to zai rubuto masa ta waya. Injiniya ya ce saƙo ba ya shiga tun safe, ya faɗa kawai, ai ba sirrin soja ba ne, aikin shekaru ne zai salwanta in bai buɗe ba.

Namadi ya juya wa matarsa baya, ya kare baki da hannu, ya faɗa can ƙasa-ƙasa. Waya tana ƙoƙo-ƙoƙo, injiniya ya ce bai ji ba. Ya ƙara. Injiniya ya ce ya ɗaga murya don Allah, ana hayaniya a nan.

"Muhsina," in ji Namadi, da ƙarfin da bai taɓa magana da shi a gidan nan ba.

Rariya ta tsaya a bayansa.

Ya ji ƙarar maɓallai ta cikin waya, sannan Abdulwahabu ya ce madalla, ya buɗe. Ya tambaya cikin raha ko sunan wa ne wannan da aka riƙe shekara da shekaru aka ƙi canzawa, ko wata tsohuwar budurwa ce. Namadi ya ce ɗiyarsa ce ta fari. Injiniya ya yi dariya ya ce ashe Malam Namadi ɗan zamani ne ba a sani ba. Ya ce daga yau ya huta da ita, sabon inji shi zai ba shi wata kalmar da kansa.

"Ta yi girma yanzu ke nan. Allah shi raya muna ita."

"Amin," in ji Namadi.

Waya ta mutu. Ya tsaya yana kallon katanga, ya kasa juyowa. Bara'atu ce ta yi magana, ta tambaye shi mene ne haɗin sunan da injin ofis. Ya gaya mata, yana kallon katangar, a guntun-guntun: ranar suna, da injiniya, da baƙin gilashin da ba ya nuna abin da aka buga. Bai taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba.

"Kullum?" ta ce.

"Kullum da sahe."

"Har bayan nan?"

"Har ranar da anka ɗauke injin."

Da ya juyo ya ga hawaye sun yi layi biyu a cikin garin da ya baɗe mata fuska, ba ta share ba. Tausayinsa ya kama ta, wannan a fili yake, zargin da ta yi wata da watanni tana ɗauke da shi ya sauka. Amma abin da ya maye gurbinsa bai fi shi sauƙi ba. Ta dubi bakinsa, bakin da yanzun nan ya faɗi sunan har maƙwabta suka ji, don wani baƙo a Gusau ya ce mota tana jira.

"Ashe kana iyawa," ta ce a hankali.

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Namadi yana nan tsaye jikin katanga da waya a hannu har aka kira magariba.